Yadda za ka gane turancin iyaka, katanga da tsarewa kafin ka sa hannu a takarda

Jama'a akwai wasu kalmomin turanci da muke yi wa kuɗin goro, mu ɗauka duk abu ɗaya suke nufi, alhali a takardar fili ko a gaban alƙali ko a caji ofis, ɗan bambancin da ke tsakaninsu shi ne zai iya raba mutum da filinsa ko ya sa ya kwana inda bai yi niyya ba. Ina nufin kalmomin da suka shafi kewaye abu, da killace shi, da shata masa iyaka, irin su fence, wall, boundary, border, enclose, confine, restrict, detain da 'yan'uwansu. Haddar ƙamus ba ta cika fitar da mutum a nan ba, don za ka buɗe ka tarar an fassara maka guda biyar da "iyaka", wasu biyar kuma da "tsarewa", ka rufe littafin kana nan inda kake. Abin da ya fi aiki shi ne duk wadda ka ci karo da ita ka tsaya ka tambayi kanka, me aka kewaye ne, ƙasa ce ko dabba ko mutum, sannan na ciki ake so a hana fita ko na waje ake so a hana shiga, sannan wa ke da ikon yin hakan. In ka riƙe wannan, rabin aikin ya ƙare.

Mu fara da fili, don nan ne aka fi cutar mutanenmu, tunda takardun duk da turanci ake rubuta su kuma da yawa daga cikinmu dillali ne ke karanta mana.

Abu na farko, ka raba layin da ke kan takarda da abin da aka gina a kan layin. Boundary shi ne iyakar kanta, wato inda naka ya ƙare na maƙwabcinka ya fara, ko an gina wani abu a wurin ko ba a gina ba tana nan. Shi kuwa fence da wall da hedge abubuwa ne da mutum ya kafa da hannunsa, kuma za su iya zama a kan iyakar, za su iya kauce mata. Wannan fa shi ne tushen rigimar maƙwabta da yawa, mutum ya ga katanga ya ɗauka ita ce iyaka, alhali wanda ya gina ta shekaru ashirin baya ya shigo da ƙafa uku cikin filin wani. Wall katanga ce ta bulo ko ta ƙasa ko dutse. Fence kuma a asalin turancin Ingila shinge ne na katako ko waya ko ƙarfe, dangarmu ta kara da darni da zana duk a nan za su faɗo. Amma a Najeriya mun saba kiran katangar bulo da ta kewaye gida fence, har ka ji ana cewa an yi fencing ɗin fili, to wannan a gida kowa zai gane ka, sai dai in da baƙo kake magana ko jarrabawa kake rubutawa ka ce wall. Hedge kuwa shinge ne mai rai, na tsiro, irin yadda manoma ke jera aguwa ko cini-da-zugu a gefen gona. In ka ga perimeter fence a takardar kwangila, katangar da ta zagaye wurin gaba ɗaya ake nufi, don perimeter shi ne tsawon zagayen, ba faɗin cikin ba, faɗin ciki shi ne area kuma da murabba'in mita ake auna shi, hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce.

Yanzu ɗauko takardar safiyo ɗinka ka duba kusurwoyin zanen, za ka ga wasu lambobi a kowace kusurwa. Waɗannan lambobin beacon ne, wato ɗan turken simintin nan da safiyo ke binnewa a ƙasa. Kada ka biya kuɗin fili sai ka je da ƙafarka ka ga turakun, ka kuma gwada lambar da ke jikinsu da wadda ke kan takarda. Cire su ko gusar da su laifi ne a doka, kuma tun kafin dokar bature akwai hadisin da Muslim ya ruwaito inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah ya la'anci wanda ya canza alamar iyakar ƙasa, don haka abin ba na wasa ba ne ta kowane ɓangare.

A cikin yarjejeniyar da lauya zai rubuta za ka ga jimla kamar "bounded on the north by" sai a ambaci titi ko filin wani, ma'ana daga arewa ya yi iyaka da abu kaza, haka za a bi kudu da gabas da yamma. Ka karanta huɗun nan a tsanake kana tsaye a cikin filin in da hali. Za ka kuma iya ganin "delineated and verged red", wannan yana nufin an zana filin an kuma zagaye gefensa da jan layi a jikin takardar safiyo, to ka tabbata jan layin yana nan kuma filinka ya zagaye ba na kusa da shi ba. Sai "more or less" da ake sawa bayan awo, wato awon zai iya ɗan ɗarawa ko ya ɗan gaza, kaɗan fa ake nufi, ba wai a sayar maka da ƙafa 50 da 100 ka je ka tarar da 40 da 80 a ce ai an rubuta more or less ba. Akwai kuma adjoining da adjacent da suke kama da juna, na farkon yana nufin filayen sun haɗa iyaka suna taɓa juna, na biyun kusa ne kawai, mai yiwuwa akwai lungu ko kwata a tsakani.

Sai kalma biyu da nake so kowa ya riƙe, encroach da trespass. Trespass shiga ce ba izini, mutum ya keta gonarka ko ya haura gidanka, ko da bai ɗauki komai ba kuma ya fita. Encroach kuwa cin iyaka ne, a hankali ake yin sa kuma yana zama, bana an matso da kunya ɗaya baɗi an ƙara, ko maƙwabci ya ɗora indararonsa yana zuba a cikin gidanka. In za ka rubuta ƙorafi ga hukumar filaye, ko KANGIS ce a Kano ko KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, ka zaɓi wadda ta dace, kuma duka biyun "on" ke bin su, "he encroached on my land", ba "in" ba. Setback kuma shi ne tazarar da hukuma ta ce a bari tsakanin gini da titi ko layin wuta ko magudanar ruwa, filin zai iya zama naka amma ba ka da izinin gini a wannan ɓangaren, yawancin jan fentin da kake gani a jikin shagunan bakin titi kafin a zo rusau a kan wannan ne. Right of way haƙƙin wucewa ne, burtalin shanu da ya ratsa tsakanin gonaki misali ne mai kyau. Kuma ka tuna tun da aka yi dokar Land Use Act a 1978 ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da kake riƙe da shi right of occupancy ne, wato haƙƙin zama da amfani da filin, shi ya sa takardar C of O mai shaidar wannan haƙƙin take zuwa da wa'adi, galibi shekara 99.

To idan aka zo tsakanin ƙasa da ƙasa sai kalmar border ta shigo, ita ce muka ara muke cewa boda. Border ta haɗa da layin da kuma yankin da ke kusa da shi da wurin da kwastan da 'yan shige da fice suke, shi ya sa ake cewa an rufe border, ba a cewa an rufe boundary. Ka tuna lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu a watan Agustan 2019, sai a Disambar 2020 aka fara buɗe wasu, ciki har da Illela da Maigatari da Seme, duk jaridun turanci border closure suka riƙa rubutawa. Amma in ana jayayya a kan ainihin inda layin ya bi, ko tsakanin jihohi ko ƙananan hukumomi, boundary dispute ake cewa, kuma hukumar da ke kula da wannan sunanta National Boundary Commission. Frontier tsohuwar kalma ce, an fi ganin ta a littattafan tarihi, tana nufin bakin iyakar da ba a gama tantancewa ba.

Akwai wasu biyu da ko 'yan jarida suna haɗa su, delimit da demarcate. Delimit shi ne a zauna a yarda a rubuce cewa iyaka za ta bi ta nan da nan. Demarcate shi ne a fita daji a kafa alama a ƙasa. Iyakar Najeriya da Nijar ta bi wannan hanyar, Ingila da Faransa suka yi ta rattaba hannu a yarjejeniya a 1898 da 1904 da 1906, wannan delimitation kenan, sannan tsakanin 1906 da 1908 tawagar Tilho ta Faransa da O'Shee na Ingila suka bi daga kogin Kwara har tafkin Chadi suna kafa turaku, wannan shi ne demarcation, kuma shi ne ya bar Katsina a gefe ɗaya Maraɗi a ɗaya gefen, Daura nan Damagaram can. Haka ma da Kamaru, kotun duniya ta yanke hukunci a kan Bakassi da sauran iyakar a 2002, amma aikin kafa turakun ya ci shekaru bayan nan. Ƙasar da ba ta da bakin teku kamar Nijar da Chadi landlocked ake ce mata, wadda kuma wata ƙasa guda ta zagaye ta ko'ina, irin Lesotho a cikin Afirka ta Kudu, enclave ce.

Na dabbobi ba shi da wahala, mu wuce shi da sauri. Pen ɗan wurin da aka killace wa awaki ko tumaki ne, fold na tumaki ne musamman, coop akurkin kaji, cage keji, stable bargar doki, paddock fili ne mai ciyawa da aka kewaye wa dawaki ko shanu, ranch kuma babbar gonar kiwo ce, ita ce ake ta muhawara a kanta duk lokacin da aka tada maganar hana kiwon sake. In ɗaure dabbar aka yi a turke ba kewaye ta ba, tether ake cewa. Sai dai a kula da furuci, mu Hausawa p da f suna yi mana gardama, fence da pence ba ɗaya ba ne, na biyun kuɗi ne, ga f ka ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, ga p ka haɗe leɓɓan biyu ka sake su.

Inda nake so a fi nutsuwa shi ne kalmomin tsare mutum, don ranar da ka buƙace su hankalinka ba a kwance yake ba, an kama ƙaninka ko ɗanka ana ta yi maka turanci. Arrest shi ne kamun kansa. Detain shi ne riƙe mutum bayan an kama shi ko an tsayar da shi, kafin a kai ga hukunci. Custody shi ne kasancewa a hannun hukuma, in aka ce "he is in police custody" yana hannun 'yan sanda kenan, kuma kalmar nan ita ce dai ake amfani da ita a kan riƙon 'ya'ya bayan rabuwar aure, kada ta ruɗe ka. Remand kuwa alƙali ne kaɗai ke yin sa, ya ce a ajiye mutum a gidan yari ko a hannun hukuma zuwa ranar da za a dawo kotu, ba hukunci ba ne, mutumin bai zama mai laifi ba tukuna. Imprison shi ne ɗauri bayan hukunci. Na sha jin iyali sun shiga kuka an ce musu an yi remanding ɗin ɗansu, sun ɗauka an yanke masa shekaru ne, alhali lokacin ne ma ya kamata su tashi neman lauya da maganar beli. Kuma ka sani sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ta dace a cikin kilomita 40, in babu kuma kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace, don haka in detention ya wuce haka kana da bakin magana. Tun 2019 sunan hukumar gidajen yari ya koma Nigerian Correctional Service, gidajen kuma custodial centre, shi ya sa rediyo ta koma cewa gidan gyaran hali.

Confine ita ce uwar wannan rukunin, ma'anarta a hana mutum ko abu wuce wani waje, kuma "to" ke bin ta. "Confined to bed" ciwo ya kwantar da shi, "confined to barracks" an hana soja fita daga bariki, solitary confinement kuma a kulle fursuna shi kaɗai. Restrict ta fi ta sauƙi, an rage maka ne ba a kulle ka ba, restricted area wuri ne da ba kowa ke shiga ba. Restrain riƙe mutum ne ko hana shi aikata wani abu, in kotu ta ba da restraining order ta hana wani yin abu kaza ne ko kusantar wane. Dokar Penal Code da arewa ta fara aiki da ita a 1960 ta raba laifi biyu a nan, wrongful restraint shi ne ka tare wa mutum hanyar da yake da haƙƙin bi, wrongful confinement kuma ka killace shi ta yadda ba zai iya fita ta ko'ina ba. Mai shagon da ya kulle yaro a sito don yana zargin ya yi masa sata, na biyun ya aikata, ko da zargin nasa gaskiya ne hanyar ita ce ya miƙa shi ga hukuma.

Lokacin korona kuma mun ga wasu uku da duk muka fassara da killacewa ko kulle. Quarantine na wanda ya yi mu'amala da mai cuta ne amma ba a tabbatar ya kamu ba, a ajiye shi a gani, kwana 14 aka sa a korona, kwana 21 a cutar Ebola da ta shigo Legas a 2014, asalin kalmar daga Italiyanci ne, kwana arba'in da ake tsayar da jiragen ruwa a Venis kafin a bar su su sauke. Isolation na wanda aka tabbatar yana ɗauke da cutar ne. Lockdown kuma kulle gari ne dungurungum, kamar yadda aka yi wa Legas da Abuja daga ƙarshen Maris 2020 sannan Kano a Afrilu. Curfew daban ne, dokar hana fita ce mai lokaci, daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza. In jami'an tsaro suka zagaye wuri suka hana shiga da fita, cordon off ne, in hukuma ta garƙame shago ta manna takarda, seal ne. Siege ƙawanya ce ta yaƙi da ake yi wa gari, blockade kuma toshe hanyoyin da kaya ke shiga ne.

Enclose da surround ma a bambanta su. Surround zagayewa ce kawai, mutane za su iya zagaye ka, ruwa zai iya zagaye gari, ba lallai a rufe ba. Enclose akwai rufewa a ciki, kuma yawanci da gangan aka yi. A tarihin Ingila akwai abin da suke kira enclosure, lokacin da aka riƙa kewaye filayen da talakawan ƙauye ke kiwo da noma a cikinsu tare ana mayar da su mallakar ɗaiɗaikun mutane, abin ya fi ƙarfi a ƙarni na 18 da na 19 ta hanyar dokokin majalisa, ya kuma tura mutane da yawa birane neman aikin masana'anta. A wasiƙar ofis kuwa in ka ga "enclosed", takardar da aka saka a cikin ambulan ɗin ake nufi, in ta imel ce attached za ka rubuta.

Wani abin da ke juya ma'ana shi ne ƙananan kalmomin da ke biyo baya, nan ne tambayar na ciki ko na waje take aiki. Fence in ka kewaye don kada na ciki ya fita, fence out don kada na waje ya shigo, fence off ka ware wani ɓangare daban. Haka lock in an kulle ka a ciki, lock out an kulle kana waje, lock up ko an rufe shago ko an jefa mutum a sel. Sai bound, wadda take da fuska uku kuma tana yawan fitowa a jarrabawar WAEC da JAMB. Bounded by ya yi iyaka da, bound by kuma ɗaure yake da alƙawari ko doka, "you are bound by this agreement" yarjejeniyar ta hau kanka kenan ba ka da mafita, ka kula da wannan sosai kafin ka sa hannu, bound for kuwa ya nufi wuri ne, motar da ta nufi Zariya "bound for Zaria" ce. Out of bounds da ake rubutawa a makarantun kwana yana nufin nan ba wurin zuwan ɗalibi ba ne. A rubutu kuma a kiyaye border da boarder da bother, na farko boda, na biyu ɗan makarantar kwana, na uku damun mutum, a Facebook kullum sai ka ga an musanya su.

Yadda za ka sa su zauna maka kuwa, ka samu littafin rubutu ka ware shafi huɗu, fili, ƙasa, dabba, mutum. Duk kalmar da ka tsinta a jarida ko takardar kotu ko labaran turanci, kada ka rubuta ta ita kaɗai, ka kwafi jimlar gaba ɗaya da ƙaramar kalmar da ta biyo ta, sannan a ƙasa ka ƙirƙiri taka jimlar a kan abin da ka sani, gonarku ko layinku ko garken gidanku. In kana da tsohuwar takardar fili a gida, ta mahaifi ko ta kaka, ɗauko ta ka yi gwaji da ita, ka ja layi da fensir a ƙarƙashin kowace kalmar iyaka a jikin kwafinta ba asalin ba, ka fassara da bakinka, wadda ta gagare ka ka kai wa lauya ko safiyo mai rajista ya warware maka, ba dillalin da ke jiran la'adarsa ba.